Ƙungiyar teyatur ta unguwa a Tahoua: horon ya yi, lissafin ne da gyara

Masu tambayata a lakkol da wajen biki ko ya dace su bar ɗiyansu su shiga ƙungiyar wasan kwaikwayon da nake zuwa sun yi yawa, wasu ma don kansu suke tambaya suna fakewa da ɗiyan. To ga amsata a rubuce, kowa ya karanta ya yanke wa kansa. Ƙungiyar ta unguwa ce a nan Tahoua. Ba ta gwamnati ba ce, ba reshen wata ƙungiyar waje ba ce, ko allo ba ta da shi a ƙofa. Ba zan kama sunanta ba, don akwai inda zan yi suka, kuma jibi da la'asar tabarma guda za mu zauna da su. Wanda yake so da gaske ya same ni in kai shi.

Abin da suke bayarwa horo ne ga masu sa kai. Ba albashi, ba takardar shaida. Rajista jika guda ce, sannan kowane wata a ba da dala ɗari na shayi da ruwan sanyi. Ana repetisiyon, wato gwajin wasa, ranar Laraba da Asabar, daga bayan la'asar zuwa gab da magariba, a filin wata makaranta mai zaman kanta da mai ita ya ba da aro, ƙarƙashin itatuwan dogon yaro. In mutum ya jure kamar wata uku sai a ba shi ɗan ƙaramin matsayi a wasa, mai kawo ruwa ko maƙwabciya mai leƙe, daga nan a ga abin da zai iya. Mutanen da ke zuwa gauraye suke: ɗaliban Jami'ar Djibo Hamani, wani ɗan kabu-kabu, tela, mai sayar da katin waya, malaman lakkol irina, da matan aure da ba su cika hannu guda ba.

Duk darajar wurin tana ga mutum guda, mai horarwar. Dattijo ne da ya yi ritaya, yara na ce masa Baba, mu manya muna ce masa Mushe, wato Monsieur, don ya taɓa koyarwa. A samariya ya koyi sana'ar, zamanin Seyni Kountché, wanda ya mulki ƙasar nan daga 1974 zuwa 1987. Waɗanda suka rayu lokacin sun san yadda kowace unguwa take da samariyarta, da yadda ake tara matasan jihohi a bikin matasa na ƙasa su yi gasar waƙa da rawa da teyatur. Mushe ba ya yawan kukan an bar da, abin da na fi so gare shi ke nan. In ya kawo zancen wancan zamani, to wata dabara yake so ya nuna, kamar yadda ake shigowa fage ko yadda ake riƙe dariyar jama'a har ta lafa kafin a ci gaba da magana.

Ba a rubuta wasa a wurinsa. Wannan ne abu na farko da ke ba sabon shiga mamaki, kuma mu malaman lakkol mu muka fi shan wahala da shi, don mun saba komai sai da kaye da alƙalami. Ana zama a tattauna labari, a yarda da shi, a yanka shi fitowa-fitowa. Kowa ya san daga ina fitowarsa za ta tashi da inda dole ta sauka. Abin da ke tsakani, bakinka ne da basirarka. Haka ƙungiyar su Yazi Dogo ta Damagaram ta yi suna a rediyo da telebijin na ƙasa, har yau kuwa in aka ambaci sunansa dattawa sai sun murmusa. Shi ma malamin makaranta ne, abin da nake tuna wa abokan aikina masu ganin teyatur aikin marasa aikin yi ne.

Kada wani ya ɗauka rashin takarda sauƙi ne. Wanda ya haddace rubutu, in abokin wasansa ya yi shiru, yana da layi na gaba da zai kama. Mu ba mu da shi. Saboda haka darasin da Mushe ya fi daɗewa a kansa shi ne saurare da karɓa. Dokarsa ita ce duk abin da abokin wasanka ya jefo maka a fage ya zama gaskiya, ba ka da ikon ƙaryata shi. In yaro ya shigo ya ce, “Inna, na ga akuyarku cikin gonar maƙwabci,” ba za ki ce ba ki da akuya ba, ko da ba a taɓa zancen akuya a repetisiyon ba. Sai ki dafe ƙirji ki ce, “Ja ko baƙar?” Daga nan labari ya samu ƙafa. Yakan sa mutum biyu su tsaya, ya ba su kalma guda, bashi ko gado ko kishiya, ya ce su tafi da ita har sai ya tafa hannu. Wanda ya zo da dogon jawabin da ya shirya tun daga gida, nan take ake gane shi, don idonsa ba ya kan abokinsa, yana jiran a yi shiru ne kawai ya sauke kayansa. Mushe yakan tsayar da shi ya ce, “Mi ta ce maka yanzu? Maimaita mini.” Sau da yawa ba ya iyawa.

Sai murya. Ana tsayar da mutum jikin katanga, wani ya tsaya can bakin famfo a ƙarshen fili, a ce ka gaya masa sirri ya ji ba tare da ka yi ihu ba. Numfashi daga ciki ake jawo shi, ba daga maƙogwaro ba, kuma a buɗe baki a gama kalma, kada a haɗiye ƙarshenta. Wannan ya amfane ni har a aji. Mai koyar da yara fiye da sittin a rumfar zana, lokacin hunturu da ƙura, ya san yadda murya take dushewa kafin ƙarfe goma sha biyu. Tun da na koyi jawo numfashi yadda ya nuna, na rage komawa gida da maƙogwaro yana zafi. Ko don wannan kaɗai jikar rajista ta biya kanta.

Akwai kuma zancen da'ira. A babban zaure irin na gidan matasa da al'adu na Albarka Tchibaou, ko na cibiyar Oumarou Ganda a Yamai, ƴan kallo suna gabanka, dokar ita ce kada ka ba su baya. A dandalin ƙauye kuwa jama'a kewaye ka suke yi, duk inda ka juya wasu na bayanka. Don haka ana koya mana tafiya cikin magana, a riƙa juyawa a hankali kamar ba da gangan ba, kuma maganar da labari ya rataya a kanta a faɗe ta sau biyu, sau ɗaya ga ɓangaren maza, sau ɗaya ga ɓangaren mata, amma da kalmomi daban don kada a ji maimaici. Yin haka ba tare da an gane ba yana ɗaukar lokaci. Har yanzu akwai wani ɗalibi cikinmu da in ya juya sai yara su kwashe da dariya, don juyin soja yake yi.

Aikin gida guda ne yake bayarwa: a tafi kasuwa ranar Lahadi, a zaɓi mutum ɗaya, a kalle shi ba tare da ya sani ba, a kawo tafiyarsa da yadda yake riƙe hannu. Telan nan namu ya taɓa kawo dillalin dabbobi, yadda yake kama hannun mai saye ya ja shi gefe, yadda yake rantsuwa yana kallon wani wajen. Bai furta kalma ba muka gane ko wane iri ne. Amma akwai abin da Mushe ya hana sam: kwaikwayon mai in'ina, ko gurgu, ko mai taɓin hankali don a samu dariyar banza. Kwaikwayon harshen wata ƙabila ma sai in cikin wasan taubasantaka ne, irin na Bagobiri da Bazabarme ko Bafillace da Babarbare, inda kowa ya san ƙa'ida kuma ɗayan zai rama. Yakan tuna mana cewa wannan al'ada tamu UNESCO ta sa ta cikin gadon duniya a 2014, bai kamata mu ne za mu mayar da ita cin mutunci ba.

Wasan da na fi daɗewa a cikinsa kan tafiya biɗa ne. A nan yankin Adar da wuya ka ga gidan da wannan bai shafa ba. Da an gama girbi samari da magidanta sun kama hanyar Abijan, wasu Libiya ko Aljeriya, wasu Nijeriya, wani ya dawo da damina, wani sai bayan shekaru. Ƙannen maigidana biyu suna Abijan yanzu haka. Labarin wasan shi ne magidanci yana can yana aiko kuɗi, amma ga ƙaninsa yake aikowa, ba ga matarsa ba. Ƙanin ya cire nasa, ya kai wa uwarsu, abin da ya rage ya isa ga matar da ɗiya uku. Yaro ya kwanta ciwo, ba kuɗin magani, matar ta sayar da tunkiyarta, aka ce ta yi ba da izini ba. Ni ce uwar miji. An ba ni don shekaruna, kuma in faɗi gaskiya matsayin ya fi na matar daɗin yi, don uwar miji ba muguwa ba ce a ganin kanta. Ita ta haifi mai aiko kuɗin, ita ta sayar da awakinta ta biya masa kuɗin mota ran da zai tafi. Mushe ya dage a kan in riƙe wannan a raina duk lokacin da nake fage.

Salon da ake yi shi ne wanda wasa ke ƙarewa da ɓaci, sannan a buɗe wa jama'a fage. Asalinsa daga wurin Augusto Boal ne, ɗan Barazil, a shekarun 1970, kuma a yankinmu ƙungiyar Atelier Théâtre Burkinabè da Prosper Kompaoré ya kafa a Wagadugu a 1978 tana cikin waɗanda suka yaɗa shi. Bayan fitowa ta ƙarshe, inda matar ke ɗaure kayanta za ta koma gidansu, mai shiga tsakani ya fito ya tambayi jama'a ko sun yarda da yadda abin ya ƙare. In sun ce a'a, sai ya ce to wa zai zo ya tsaya a madadin matar ya nuna mana yadda za a yi. Ba a yarda mutum ya ba da shawara daga zaune ba. Sai ya taso, a yafa masa gyalen matar, a koma fitowar da ya zaɓa.

A nan ne horon ke nuna kansa, kuma a nan na tabbatar ba ɓata lokaci muke yi ba. Dokar Mushe ga mu masu matsayin danniya ita ce kada mu faɗi da wuri. Yakan ce mu ɗauka kokowa ce, kuma mutanen Tahoua, garin da aka fara gasar kokowa ta ƙasa a 1975, ba sa son kaye na sayarwa, suna gane shi tun daga nesa. In wata ta shigo ta yi mini tsawa, ba zan tuba nan take don a tafa mata ba, domin a gidan gaske tsawa ba ta sa uwar miji ta saki kuɗi, sai dai ta kira ɗanta a waya ta ce matarka ta zage ni. Amma kuma in aka zo da dabarar da za ta ci uwar miji ta gaske, dole in ba da kai, ko da ba haka na so ba. Gane bambancin nan a tsaye, gaban mutane ɗari biyu ko fiye, ba wanda zai raɗa maka, shi ne abin da watannin repetisiyon suke ginawa.

A wani ƙauye kan hanyar Keita, ƴan mata biyu sun shigo ɗaya bayan ɗaya, kowace da faɗa, na kore su cikin sauƙi jama'a na dariya. Sai wata tsohuwa ta miƙe daga cikin mata, ta ƙi karɓar gyalen ma, ta ce nata ya isa. Ta zo ta durƙusa gabana ta gaishe ni gaisuwa cikakkiya, ta tambayi ƙafata da ke ciwo, abin da ni na ƙirƙira a fitowar farko ina ɗingishi, ashe ta riƙe. Sannan ta ce, “Inna, jikanku na kwance. Ni ba ni da bakin kiran ubanshi, ku ad da shi. Ku kira shi gabana ku tambaye shi nawa ya aiko watan ga, don in san abin da za ni gaya ma likita.” Ba ta zargi kowa ba, ba ta ambaci ƙanin miji ba. Ta dai sa ni a inda in na ƙi kiran, na nuna ban damu da jikana ba, in na kira, adadin kuɗin zai fito fili gaban kowa. Ɗan kabu-kabun da ke yin ƙanin miji ya fara zame-zame yana cewa ba rezo, mata suka ɗauki guɗa. Na karɓi wayar na kira. Ba abin da ya rage mini.

A wannan zaman ne kuma wani magidanci ya tashi da ɓacin rai ya ce mun nuna wahalar matar, ba mu nuna ta mai tafiyar ba. Ya ce shi ya yi shekaru a Abijan, ya san kwanan mutum goma a ɗaki guda, ya san yawon talla da kaya a ka daga safe har dare, ya san rana ta faɗi ba ka ci ba don kada kuɗin aike ya ragu. Mai shiga tsakani bai yi gardama da shi ba. Da muka dawo gari Mushe ya zaunar da mu aka ƙara fitowa guda, inda ake ganin mijin yana ƙirga kuɗi yana cire na abincinsa yana mayarwa cikin na gida. Wasan ya fi da nauyi yanzu, kuma maza sun daina tashi a tsakiyarsa. Ƙungiyar da ke jin gyara daga bakin ɗan kallo har ta sake wasanta, a wurina ta cancanci yabo.

Tsarin fita ƙauye ma suna yin sa yadda ya kamata. Ana aika mutum tun kafin ranar ya gaida mai gari da liman, a faɗa musu abin da wasan ya ƙunsa, maroƙi ya yi shela. Ana farawa bayan la'asar, a gama kafin kiran magariba. Ba a nisa da gari sosai, kuma arewa ba a zuwa, tunda an sa yankunan Tillia da Tassara ƙarƙashin dokar ta-ɓaci a 2017. Iyayen da ke tsoron inda za a kai musu ɗiya su kwantar da hankali ta wannan fuska, tafiyar yini ce, kowa a gidansu yake kwana.

Yanzu ga inda nake da magana. Wani lokaci ƙungiyoyin agaji sukan ba da aikin wayar da kai, kan allurar rigakafi, ko gidan sauro, ko karatun ɗiya mace. Wannan aiki da kwangila yake zuwa, kowa ya sani. Ranar fita ana ba kowane ɗan wasa jika biyu da abincin rana. Nawa aka biya gaba ɗaya, nawa aka kashe, nawa ya shiga asusu, ba wanda ya taɓa karanta mana. Ban ce an ci ba, kuma ban yi zaton an ci ba. Na san hayar mota da mai da hayar injin wuta suna cin kuɗi, na kuma ga Mushe da idona yana cire na aljihunsa ya biya wa wata yarinya kabu-kabu. Ba ma shi ke riƙe da kuɗin ba, akwai ma'aji. Amma mutumin da ya rufe shagonsa yini guda, ko ya ajiye babur ɗin da yake ci da shi, yana da haƙƙin ya ji lissafi. Da na tayar da zancen a taro, ma'ajin ya ce mini, “Haba Madam, ai mu duka sa kai muke yi.” Na ce masa sa kai ɗin ne ya sa nake tambaya, don wanda ake biya albashi ba ruwansa da asusu, mu kuwa asusun namu ne. An yi shiru, aka wuce zuwa wani zance. Samari biyu masu hazaƙa sun daina zuwa a bana, kuma ko da ba su faɗa a taro ba, a fadarsu wajen shayi sun faɗa.

Wasannin kwangilar kansu su ne mafi rauni cikin abin da muke yi. Mai ba da aiki yakan zo da jerin saƙonni a takarda, ya ce dole kowane ya fito. Sai a ƙare da wani sanye da farar riga a matsayin likita, ya tsaya tsakiyar fage yana jawabi, sauran ƴan wasa suna gyaɗa kai suna cewa ashe haka ne. Mutanen ƙauye ba yara ba ne. Da farar rigar ta fito, mata sun fara tashi duba tukunya. Wasan biɗa da ba wanda ya biya mu mu yi shi ya fi tsayar da jama'a nesa ba kusa ba, kuma na tabbata in da za a bar Mushe ya ɗauki saƙo guda ya gina masa labari da rikici na gaske, da masu ba da kuɗin ma sun fi cin riba. Ya san haka sarai. Bai dai iya cewa a'a ga mai kwangila ba, tunda da kuɗin ake gyara lasifika.

Lasifikar kuwa guda ce, mai batir, da makirfo biyu, ɗaya yana ƙara in an motsa wayarsa. Kayan sawa kowa daga gida yake kawowa, sai wata tsohuwar akwatin ƙarfe mai ɗauke da rawani, da hular soja, da sandar tsoho, da farar rigar da na ambata. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, inuwar dogon yaro ba ta wadatarwa, ana rage repetisiyon zuwa sau ɗaya a mako. Waɗannan ban ɗauke su laifi ba, halin rashi ne.

Wanda na ɗauka laifi shi ne yadda ake wasa da lokacin mata. Samari sukan iso a makare, a tsaya jiransu, a yi shayi, sai rana ta yi ja a fara aiki na sosai. Mu kuwa dole mu kama hanya kafin magariba, wata don tukunya, wata don sharaɗin da maigida ko uba ya gindaya kafin ya bari ta zo. Sakamakon haka fitowar mata ita ce kullum ba ta samun isasshen gwaji, alhali su ne ƙashin bayan yawancin labaran. Gyaran ba ya buƙatar ko dala: a fara da fitowar mata da wanda ya iso, samari su yi tasu daga baya. Na faɗa, an yi mako biyu ana bi, aka koma gidan jiya. Wurin canza kaya ma babu. A ƙauye mukan samu wata ta ba mu ɗakinta, a filin makaranta kuwa sai biyu su riƙe zane ɗaya ta canza. Uwar da za ta kawo budurwar ɗiyarta ta san da wannan. Ta fuskar mutunci dai ban taɓa ganin abin ƙi ba, Mushe ba ya barin saurayi da budurwa su keɓe, kuma ba a taɓa jiki a wasanninsa, ko mata da miji ake kwaikwayo.

Akwai saɓani guda tsakanina da shi wanda ba na kuɗi ba ne ba na lokaci ba. Ba ya son a ɗauki repetisiyon ko wasa da waya. Hujjarsa ita ce da yaro ya ga kyamara sai ya daina yi wa mutanen da ke gabansa wasa, ya koma yi wa Facebook da TikTok, kuma tsohuwa irin ta hanyar Keita ba za ta taso ba in ta san za a watsa fuskarta duniya. Hujja ta biyun na yarda da ita ɗari bisa ɗari. Amma wasan da ba a rubuta ba, ba a kuma ɗauka ba, yana cikin kan mutum guda ne da waɗanda suka yi shi. Mushe yana da labarai tun na zamanin samariya da ba wanda ya sani sai shi, kuma shekaru sun ja. Na roƙe shi ya bari ko murya kaɗai a riƙa ɗauka a repetisiyon, a ajiye wa ƙungiya, ba don watsawa ba. Ya ce, “Madam, bari mu gani bayan kaka.” A halin yanzu ni da wata ɗaliba muna rubuta jerin fitowar kowane wasa a kaye bayan an tashi, da saninsa, yana yi mana dariya.

Wanda burinsa ya zama tauraron fim irin na Kano, ko ya tara mabiya a waya, nan ba wurinsa ba ne, zai gaji cikin wata guda. Wanda kuma yake son teyatur ya zama sana'arsa ta ci da sha, zai samu tushe mai kyau a nan, amma dole daga baya ya nemi Yamai, inda ake da ƙungiyoyin ƙwararru da bukukuwa irin Émergences da marigayi Alfred Dogbé ya assasa. Wurin ya fi dacewa da mai aikinsa ko karatunsa da ke da yammaci biyu a mako, da mai kunyar magana gaban jama'a, da malamai da ma'aikatan lafiya waɗanda aikinsu magana da mutane ne. Wanda zai shiga ya tambaya tun ranar farko nawa ake bayarwa ranar fita, wa ke biyan kuɗin mota in an dawo da dare, kuma yaushe ake karanta lissafin asusu. In masu tambaya suka yi yawa, dole a samo amsa.

Ana ɗaukar sabbi a watan Oktoba, in an koma lakkol. Samari sun yi yawa har ana juya wasu. Mata ake nema, musamman waɗanda suka haura arba'in, don yanzu ni kaɗai ce ke yin uwar miji da ungozoma da kishiya babba, kuma akwai wasan da biyu daga cikinsu ya kamata su haɗu a fitowa guda.